Kyaftin Biyu, Tela Ɗaya

Ku da kuke cewa ɗinka muƙami a rigar kaki ba aiki ba ne, ku ajiye wayoyin nan ku matso kusa. Shekaranjiya ina zaune a bakin shagon nan na ji ɗayanku yana gaya wa wani mai kaki wai kafin ya shanye ruwan ledarsa an liƙa masa igiyarsa. A wurinku haka ne. Inji ya bugo ta, kun sayo a kasuwa, kun taka keken lantarki ya yi gurnani sau biyu, an gama. To ni Iro, da kuka taso kuka ganni ina rage wando da facin aljihu a kasuwar Batsari, na yi shekara biyar ina telan soja, tun ana tsakiyar yaƙin basasa har bayan an ajiye bindiga. Kuma a kan aninin zare, wanda bai wuce faɗin farcen babban yatsana ba, an taɓa kulle ni kwana uku.

Ramin maɓalli shi ne aikin da aka fara ba ni. Mahaifina ya ɗauko ni daga Wagini a kan jaki, ya kai ni Safana wurin Malam Sada, wani tela mai keken ƙafa guda ɗaya a rumfar kasuwa. Ya ce masa, "Ga amana, Malam. In ya yi ƙiwuya kada ka aiko mini, ka gyara shi a nan." Shekara biyu ban taɓa keke ba sai in zan goge shi ko in ɗiga masa mai. Aikina hura gawayin dutsen guga, sai ramin maɓalli da hannu. In na gama, Malam Sada ya ɗaga rigar ya leƙa rana ta cikin ramin. In bakin ya karkace ko da kamar gashin ido ne, sai kawai ya miƙo mini reza. In farke, in sake. A hannunsa na koyi aikin zare irin na wuyan riga, ban san shi ne zai ci da ni a ƙasar da ko sunan Safana ba a taɓa ji ba.

Da yaƙi ya tashi aka shiga neman samari, mu shida daga yankinmu muka tafi Katsina muka ba da suna. Bayan an gama horar da mu, ranar da za a rarraba mu, aka tambaya ko akwai wanda ya iya ɗinki. Na ɗaga hannu. Aka miƙa ni ga kwatamasta, wato mai riƙe da kayan bataliya, shi kuma ya nuna mini wani baƙin keken hannu ya ce, "Ga bindigarka ta biyu."

Keken nan ya ga duniya. Akwatin harsashi na samu, na shimfiɗa tsohon bargo a ciki, ya zama gidansa. A kudu ruwa ba ya ɗaukewa. Ka bar allura a fili kwana biyu ta yi tsatsa, don haka cikin kwalbar man bindiga nake ajiye nawa. Alli ya ƙare, na koma zane da busasshen guntun sabulu. Baƙin zare ya ƙare, na warware wata lema da aka yar. Sitati kuwa da garin rogo nake dama shi. Sannan ga babban aikin. Igiya ta ƙananan sojoji ce, a hannun riga ake sa ta: biyu kofur, uku saje. Anini na hafsoshi ne, a kafaɗa: ɗaya ko biyu laftana, uku kyaftin. Aninin ƙarfe yana ƙyalli, mai harbi daga nesa shi yake nema, saboda haka a bakin daga sai na zare. Na yanko gindin gwangwanin madara na fitar da siffar anini, ita nake azawa in zana, sannan in bi da allura, kowane tsini daban. Kyaftin ɗaya anini shida ke nan, uku a dama, uku a hagu. Yini guda ne cur, in ba a yi harbi ba.

Kuma masu zuwa ba sa yankewa, don a lokacin nan muƙami gudu yake kamar ruwan kwazazzabo. Na sama ya faɗi, dole na ƙasa ya hau. Mutum ya karya kumallo yana kofur, ya yi sallar la'asar yana saje. Har aka samu masu naɗa kansu. Wani ya tafi asibiti da igiya biyu, ya dawo da anini, ya ce a can aka ba shi. Da abin ya yi yawa kwatamasta ya kira ni ya kafa mini doka: ko waye, ko da bindiga ya aza maka a ka, ba takarda ba ɗinki.

Wata riga da harsashi ya tsaga hannunta ita ce ta haɗa ni da Baba Mamman. Ya kawo ta da kansa, dattijo ne kakkaura mai furfura a gefen kai. Ina auna yagar na ce masa faci za a sa ta ciki. Ya tsaya ya kalle ni.

"Kai, wannan Hausar ta gida ce. Ɗan ina ne?"

"Wagini, Baba."

"Ni Karare. Ashe maƙwabci ke ɗinka mana tsumma ban sani ba."

Shekararsa goma sha bakwai a soja. Tun daga kurtu ya hau, ya yi kofur, ya yi saje, ya yi samanja, wanda shi ne ƙololuwar mai igiya. Da hafsoshi suka yi ƙaranci aka ba shi anini biyu a nan bakin daga. Bai iya karatun boko ba, sunansa ma da ƙyar yake zana shi. Amma in bindiga ta yi ƙara zai gaya maka irinta da nisanta, kuma in ya kalli daji ya ce kada a shiga, wanda ya shiga ya dawo a kan makara.

Laftana Bishir kuwa da wando ya fara zo mini, yana son kari mai kaifi a wurin da laka ke kaiwa gwiwa. Ɗan birnin Katsina ne, matashi, daga makarantar horon malamai ya shiga soja, aka yi masa 'yan watanni a makarantar hafsoshi aka turo shi. Shi ma anini biyu gare shi, amma nasa da takarda mai hatimi. Tsofaffin sojoji suna yi masa dariyar guga, sai dai ba matsoraci ba ne. Ya iya karanta taswira, kuma shi ke magana da hedikwata a rediyo da Turanci. Shi da Baba Mamman kamfani ɗaya suke, wato rukunin sojoji ɗari da wani abu, ƙarƙashin wani kyaftin. Suna gaisawa, ba su cika zama inuwa ɗaya ba.

Aninin da ya jawo mini magana a gindin wata bishiyar mangwaro na ɗinka shi. An yi ƙazamin faɗa a kan wata gada, aka harbi kyaftin ɗinsu a ƙugu aka fita da shi. Baba Mamman ya tattara mutane ya riƙe gadar yini biyu har agaji ya iso. Manjo mai bataliya ya zo da kansa, ya ga abin da aka yi, ya tara sojoji ya ce daga yau Mamman kyaftin ne, shi ke da kamfani. Wuri ya ɗauki sowa. Aka tambaya ina tela yake, aka turo ni gaba da akwatina a ka.

"Ƙara masa na uku yanzu-yanzu," in ji Manjo.

Na ƙame na ce, "Yallaɓai, takarda."

Wani saje ya harare ni kamar ya cinye ni ɗanye. Manjo ya kalle ni, ya kalli sojoji, sai ya fashe da dariya. Ya zaro kwalin tabarsa, ya juye sauran karan a aljihu, ya yage kwalin ya aza a bayan wani soja ya yi rubutu, ya sa hannu da kwanan wata, ya miƙo mini. Na ninke na jefa cikin 'yar aljihun keke, ƙarƙashin ƙoshiya, wato 'yar ma'ajiyar zaren ƙasa. Baba Mamman ya tuɓe riga ya zauna da singileti, sojoji suka kewaye ni suna waƙa suna buga kwanon cin abinci. Ban taɓa ɗinki da 'yan kallo irin na ranar ba. In na fitar da tsini ɗaya sai su yi ihu kamar an ci ƙwallo. Da ya sa rigar suka ɗaga shi sama, shi kuwa yana ta cewa su sauke shi, ƙugunsa ba na yaro ba ne.

Ba a yi sati ba aka ɗauke Manjo aka kai shi wani fagen daban, cikin gaggawa, bai samu ya aika da maganar Mamman sama ba. Su kuwa na hedikwata abin da suka sani kamfani ba shi da kyaftin. Suka duba littafinsu suka ga Bishir. Kwana goma sha shida bayan na gindin mangwaro, sai ga Bishir a bakin rumfata da riga a hannu da takarda bugun tafireta, hatimi ja a ƙasa.

"Iro, ka iya karatu?"

"Na iya gane hatimi, yallaɓai."

"To ga shi. Anini uku. Kamfani kuma nawa ne."

Kafin in zare allura daga kwalba labari ya zaga. Tsofaffin sojoji uku suka zo suka tsaya a kaina, ɗaya ya ce in na ɗinka, keken nan a kogi zai kwana. Na bar rigar na tafi wurin Baba Mamman, na same shi yana goge bindiga. Na ce, "Baba, takarda ce ya kawo, da hatimi."

Ya ƙarasa goge bakin bindigar. Sannan ya ce, "Mi dokarka ta ce?"

"In da takarda in ɗinka."

"To ɗinka. Ba kai ka rubuta ba. Amma ka gaya mashi rigar kawai aka ƙara ma anini, kamfani shina hannuna."

Na ɗinka. Da Bishir ya zo karɓa ya juya rigar ya ce kamar na Mamman sun fi girma. Na ɗauko gindin gwangwanin na aza a kan nasa, ya zauna daram. Na ce da wannan na zana duka biyun, in yana so mu je in aza a kafaɗar Baba Mamman ya gani. Ya ce a bar shi. Washegari kuma sai ga saƙo daga Baba Mamman, wai an ce zaren Bishir ya fi baƙi.

Daga nan muka shiga abin da ban taɓa gani ba: kyaftin biyu a kamfani ɗaya, ba mai sara wa wani. In ɗaya ya hango ɗaya sai ya zagaya ta bayan tankin ruwa. Fareti ya zama biyu, tsofaffin hannu suna bin Mamman, sababbin shiga masu ɗan karatu suna bin Bishir. Aka yanka akuya, kuku ya tsaya da hanta a faranti ya rasa inda zai nufa, ƙarshe ya tsaga ta biyu, aka kuma yi rigima a kan wane ɓari ya fi. Mamman ya ce shi da jini aka ba shi, a gaban mutane. Bishir ya ce soja da takarda yake tafiya, in ba haka ba kowa ma ya naɗa kansa janar. In ka saurari wannan ka ce shi ke da gaskiya, in ka saurari wancan ka ce shi ne. Mu na ƙasa muna ta dariya, har ranar da dariyar ta ƙare.

Igiya biyu na ɗinka wa wani yaron kirki mai suna Lawal, ɗan wajen Yasore, ranar Talata. Ya tsaya yana shafa su yana cewa sai ya ɗauki hoto ya aika gida. Ranar Alhamis oda ta zo kamfani ya ƙetare wani kogi. Bishir ya buɗe taswira ya ce ta hanyar mota za a bi, nan ne aka ce. Mamman ya ce hanyar nan ta yi shiru da yawa, shi ya ga mashigi a sama inda mutanen gari ke ratsawa da ƙafa, ta nan za a bi. Ba wanda ya janye. Kamfani ya rabu biyu, kowa ya bi kyaftin ɗinsa. Mutanen Bishir suna isa bakin ruwa aka buɗe musu wuta, suka kwanta cikin laka ba gaba ba baya. Mamman ya ƙetare ta sama ya ɓullo ta bayan masu harbin, ya kore su. To amma shi ba shi da rediyo, masu manyan bindigoginmu na baya ba su san yana can ba, suka shiga zuba masa wuta suna zaton abokan gaba ne. Bishir ne ya hango hular mutanenmu a ƙetare, ya ja jiki cikin ruwan harsashi zuwa inda mai rediyo ya faɗi, ya yi ta kira har aka tsayar. Kowannensu ya ceci ɗan'uwansa a rana ɗaya. Amma mutum huɗu ba su dawo ba, Lawal na cikinsu.

Wani kanar ya zo daga hedikwata ransa a ɓace. Ya sa aka tara mu, ya kira su biyun gaba, ya kalli kafaɗar wannan ya kalli ta wancan. Ya ce shi kyaftin ɗaya ya sani a takarda, wa ya yi na biyu? Manjo ba ya nan. Waɗanda suka yi sowa a gindin mangwaro duk suka sunkuyar da kai. Wani ya ce, "Tela ne ya ɗinka, yallaɓai." Kafin in buɗe baki an riƙe ni. Aka kulle ni a wani ɗakin da manoma ke ajiyar 'ya'yan koko da aka mayar gadurum, wato kurkukun soja. Mai gadina ya ce mini ƙirƙirar muƙami a lokacin yaƙi ba ƙaramin laifi ba ne, in yi ta addu'a.

Rana ta uku da hantsi aka fito da ni gaban Kanar, a wani aji na makarantar firamare. Mamman na tsaye a dama, Bishir a hagu. Mamman ya riga ya faɗi cewa Manjo ne ya naɗa shi, Kanar ya ce baki ba hujja ba ne. Na roƙi a kawo mini kekena. Aka kawo. Na jawo 'yar aljihun, na ɗaga ƙoshiya, ga kwalin taba nan. Sai dai man keke ya ɗiga a kansa, ya jiƙe ya yi duhu. Rubutun ana iya karantawa da ƙyar, sa hannun kuwa ya zama kamar sawun kaza a laka. Kanar ya juya shi ya ce wannan kowa ma zai iya zana shi. Ya tambaya wa ya san hannun Manjo. Aka ce Bishir, don shi ke kai masa saƙonnin rediyo yana sa hannu.

Ku duba inda magana ta tsaya. In Bishir ya ce bai gane ba, ba wanda zai ce ya yi ƙarya, don da gaske takardar ta ɓaci. Kamfani ya zama nasa, a tuɓe Mamman, ni kuma Allah kaɗai ya san inda za a kai ni. Ya karɓi kwalin ya je bakin taga ya ɗaga shi a rana. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya dawo ya ƙame.

"Hannun Manjo ne, yallaɓai. Haka yake jan wutsiyar sunansa. Kwanan watan kuma ya riga nawa da kwana goma sha shida."

"Ka san abin da kake faɗi?" in ji Kanar.

"Na sani, yallaɓai. Shi ne gaba da ni."

Kanar ya yanke: Mamman ya riƙe kamfani, Bishir ya zama na biyunsa, rediyo da taswira a hannunsa, kowa ya bar aninansa. Ni kuma ya ce in ɗauki kekena in ɓace, kuma in nemi wurin ajiyar takarda da ba ya yoyon mai. Muna fitowa Bishir ya tsaya a gaban Mamman ya sara masa, sarawa ta sosai, har ƙafarsa ta tada ƙura. Mamman ya amsa. Ya ce, "Gobe ka zo da takardar nan taka mai zane, ka nuna mani yadda kogi yake a cikinta." Daga ranar har aka gama yaƙi ba a ƙara raba kamfanin nan ba. Sauran kamfanoni har roƙo suke a haɗa su fita da namu.

Shekarar da ta fi kowace muni a sana'ata ba ta yaƙi ba ce, ta bayansa ce. Ni ina kiranta shekarar reza. An dawo bariki, sojoji sun yi yawa, hafsoshi sun yi yawa, aka zauna tantance muƙaman da aka bayar a bakin daga. Mai takardar makaranta a tabbatar masa, wanda ba shi da ita a ba shi jarrabawa da Turanci, in ya faɗi a mayar da shi baya. Sai layi ya juya. Da mutane na zuwa wurina suna dariya, yanzu kowa ya zo da riga a naɗe a hammata, ya ajiye bai kalle ni ba. Wata uku allurata ba ta yi aikin kirki ba, sai reza. Kuma cire anini ya fi sa shi wuya. Ta ciki ake juya kafaɗar, a yanke zaren ɗaya bayan ɗaya, a tsince da bakin allura, in ka yi gaggawa ka huda kaki.

Rigar Baba Mamman da safe ta zo, shi ya kawo ta. An mayar da shi samanja. Bishir an tabbatar masa da kyaftin, an kuma ba shi kamfanin. Na zauna na cire shidan nan tsaf, ban ji wa yadin ciwo ba. To amma rana da ruwa sun cinye launin rigar, ƙarƙashin aninin kuwa kakin yana nan sabo. Sai ga inuwar anini uku a kowace kafaɗa, raɗau, tun daga nesa ana gani. Maganin wannan sananne ne, a farke kafaɗar a juya ƙyallen. Na ce masa ya ba ni zuwa azahar.

"Juya," in ji shi. "Abin da aka karɓe an karɓe."

Ina sa reza sai ga Bishir ya shigo karɓar wandonsa. Ya ga abin da ke hannuna, ya tambaya me nake yi. Na gaya masa.

"Oda ta ce a cire anini," ya ce. "Ka cire?"

"Na cire, yallaɓai."

"Akwai inda ta ce a juya kafaɗa?"

"Babu."

"To kada ka yi aikin da ba takarda. Ba dokarka ba ce?"

Ranar faretin Asabar Mamman ya fito da rigar haka, tambarin samanja a hannu, inuwa a kafaɗa. Bishir yana duba layi ya iso kansa, ya kalle shi sama da ƙasa ya ce riga ta yi, ya wuce. Sojoji kuwa in sun haɗu da Mamman a hanya hannunsu da kansa yake tashi, alhali ba a sara wa samanja. Ya yi faɗa har ya gaji. Bai cika shekara ba ya ajiye aiki ya koma Karare ya kama noman gero da gyaɗa, kuma har yau in kun je garin ku ce gidan Kyaftin, yaro ƙarami zai kai ku. Ni ma ban daɗe ba na biyo shi. Na dawo na tarar da fari, mutane na neman abin da za su ci, wa ke ta sabuwar riga? Da facin buhu na riƙe kaina har ruwa ya dawo.

Wani wando nake ragewa a nan, ranar kasuwa, shekaru masu yawa bayan haka, sai mota ta tsaya, wani dattijo mai farin gilashi ya fito yana tambayar Iro telan soja. Ban gane shi ba sai da na ga karin wandonsa. Bishir ne, ya yi ritaya yana kanar. Muka gaisa, muka tambayi iyali, muka lissafa waɗanda suka riga mu. Sannan ya ce in raka shi gidan Kyaftin Mamman. Damina ce, hanya ta ɓaci, muka bar motar muka hau babur biyu. Muka sami Baba Mamman a zaure, ya tsufa ƙwarai, yana gyaran igiyar shanu. Ya sa hannu a goshi ya kalli baƙon, sai ya yunƙura zai miƙe ya sara. Bishir ya riga shi. Suka tsaya su biyu, kowa hannu a goshi, ba mai saukewa, jikoki sun cika ƙofa suna kallo.

Aka kawo fura, aka yi hira har rana ta karkata. Da lokacin azahar ya yi muka yi alwala, aka shimfiɗa tabarma a zauren, sai tsohuwar rigima ta tashi, amma a juye.

"Bisimilla, Kanar," in ji Mamman. "Kai ne babba, kai ne mai karatu."

"A'a, ranka ya daɗe. Ga shekaru, ga gida naka. Kuma ka riga ni da kwana goma sha shida."

"Wannan an soke shi tuntuni."

"Ni ban ga takardar da ta soke kwanakin ba."

Suka yi ta yi, wannan ya tura wancan, har maƙwabtan da suka shigo bin salla suka fara murmushi. Can Mamman ya juyo gare ni ya ce, "Iro, kai ne shaida. Tsakani da Allah, wa ke gaba?"

Na ce, "Baba, ni abin da allurata ta sani ke nan: naka na fara ɗinkawa."

Ya gyaɗa kai. Ya gyara tsayuwa, ya ja kafaɗunsa baya, muryar fareti ta dawo masa kamar jiya ya ajiye ta.

"To tunda ni ne gaba, ga oda. Bishir, wuce ka ja mu salla."

Bishir ya ƙame. Ya haɗa ƙafafunsa ya ce, "An gama, yallaɓai." Ya cire gilashinsa ya sa a aljihu, ya wuce gaba, muka yi sahu a bayansa.